Awon Ƙirjin Masta Guduma

Shekara talatin da huɗu Baba Tela ya yi yana taka keke a shago ɗaya, ɗan shagon nan da ke tsakanin mai gyaran takalmi da tsohon sito, ba a taɓa dawo masa da riga an ce ta yi yawa ba. Sai a shekarar da mazan layin suka haukace da finafinan faɗa aka dawo masa da goma sha biyu rana ɗaya, har 'yarsa ta cikinsa ta ce idonsa ya mutu, gara ya rufe shagon ya koma gidanta ya zauna jiran abinci.

Daga gidan kallo abin ya taso. Wani ne ya kama ɗaki a ƙarshen layi, ya jera benci, ya rataya talabijin, ya dinga saka finafinan mutanen ƙetare. Za ka ga ƙato ɗaya ba riga, jiki sharkaf da mai kamar an tsamo shi daga kasko, ya doke mutum arba'in, su kuwa arba'in ɗin don tsabar ladabi sai su tsaya kowa ya jira nasa dukan. Da yara ne suka ɗauka, da da sauƙi. Magidanta ne fa, masu 'ya'ya huɗu-huɗu, wasu har da furfura a gemu. Kafin wata uku tafiyar maza ta canja. Kowa ya bubbuɗe hannuwa kamar mai maruru a hammata biyu. Ka gai da mutum ba zai amsa ba, sai ya kaɗa kai a hankali yana kallon nesa, wai haka jarumi yake yi. Mata suka rasa ƙwai a gidajensu, don da sassafe ake fasa shi a kofi a shanye ɗanye ana yamutsa fuska. Mai kaji ya sari bulo da gefen hannu. Bulon bai ko san an yi ba, shi kuwa sati shida matarsa na ba shi abinci a baki.

Uban tafiyar kuma ba kowa ba ne, surukin Baba Tela ne, mijin 'yarsa Auta. Da can mai gyaran fanka ne, mutum mai kunya, siriri, in iska ta taso sai ya dafa bango. Baba Tela ya ba shi 'yarsa ne ma don ya ga ko sauro ba zai iya mari ba. To shi ne ya ajiye sukudireba, ya kama tsohon siton da ke jikin shagon surukinsa, ya cika gwangwanayen fenti da siminti, ya zura musu bututun ruwa, ya liƙa hotunan ƙattin fim a bango, ya ce daga yau sunansa Masta Guduma. Shi ya ba kansa sunan, shi ya fara amsawa. Gaskiya dai damtsen ya ɗan tasa, kamar an cusa lemo a safa. Ƙafafun kuwa suna nan yadda ya gaje su.

Ana haka aka gama ginin wani babban kanti a bakin titi, ana neman masu gadi. Manajan kantin ya biyo ta layin, ya ji ihu na tashi daga sito, ya leƙa ya ga hotuna da gwangwanaye, nan take ya ce wa Masta ya ba shi mutum goma sha biyu har da shi kansa. Yunifom kuma riga shuɗiya mai aljihu biyu. Auta ce ta ce ai ga Baba a gida, don me za a kai wa bare.

Baba Tela yana da yadda yake awo. Shagon ƙunci gare shi, haske kuma ta ƙofa kawai yake shigowa, don haka sai ya sa mutum ya fuskanci titi, shi ya tsaya a bayansa, ya zagayo da tef ta ƙarƙashin hammata, ya karanta a tsakiyar baya, ya rubuta da alli a jikin bango. Ga shi da sauri, abin alfaharinsa ke nan. Kafin ka gama gyara tsayuwa ya ce maka an gama, na gaba. Da yake rubuta na 'yan gadin ya lura lambobin sun hau. Mai kaji da bara yake talatin da shida, yau arba'in da biyu. Direban motar ruwa arba'in da huɗu. Masta kansa arba'in da shida. Baba ya ce a ransa, lallai gwangwanin nan yana aiki. Har ya ɗan ji kunyar dariyar da yake musu.

Kwana tara ya yi a kan keke. Ranar gwaji suka jeru a ƙofar shago, manaja na tsaye da makullin mota a hannu. Aka sa riguna. Kai ka ce an shanya buhu a kan sanda. Kafaɗar rigar mai kaji ta sauko har gwiwar hannu, direba kuwa da zai yarda da an ƙara mutum ɗaya a cikin tasa. Manaja ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ɗaure fuska ya ce sati ɗaya ya ba su, ko a gyara ko ya nemi masu gadi a wani wuri.

Da yamma Auta ta zo, mijin na biye da ita hannuwa a buɗe, sai da ya karkace kafin ya shiga ƙofa, ƙofar da akuya biyu za su shige ta a jere.

"Baba, sannu da aiki," in ji ta. Ta zauna a kan tulin yadi. "Magana na zo mu yi, kada ka ji haushi."

"In kin san zan ji, ki bar ta a cikinki mana."

"Baba, idon nan. Rannan ina kallonka sau uku kana zura zare a allura."

"Sau ukun ai ya shiga."

Masta ya gyara murya, ya yi ƙasa da ita yadda na fim suke yi, kamar mai magana daga cikin randa. "Baba, ba raini ba. Kowane jarumi da ranar da yake ajiye takobi."

"Wa ya kasa da kai? Ina magana da 'yata."

"Ga ɗaki can kusa da kicin na share maka," Auta ta ci gaba. "Ka huta haka. Jikokinka su riƙa ganinka. Shagon kuma, tunda shi wurinsa ya yi musu kaɗan, sai a fasa bangon nan a haɗe."

Sai a lokacin Baba ya ga inda aka dosa. Ya dubi bangon, bangon da awon rabin mazan layin yake jiki tun suna samari. Ya dubi kekensa. Ya ce ba inda za shi. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi 'yar ƙwalla. Auta ba muguwa ba ce, tsoro take ji kada wata rana ya ɗinke yatsansa. A ƙarshe ta ce to a yi haka: ranar Asabar ya sake auna mijinta a gabanta, ya ɗinka masa riga ɗaya. In ta zauna, ba za ta ƙara tayar da maganar ba. In ba ta zauna ba, ya ba ta makulli. Ya ce ya yarda, don ba zai ce yana tsoron awo ba a gaban mai gyaran fanka.

Amma da suka fita tsoron ya zo ya zauna kusa da shi. Ya ɗauki tef ya kai wa mai sayar da yadi, aka gwada da sandar awonsa, daidai. Ya shimfiɗa rigunan ɗaya bayan ɗaya ya gwada da lambobin bango, ko rabin inci babu kuskure. To in tef lafiya, almakashi lafiya, saura wa? Sai mai karanta tef ɗin. Ya fito bakin ƙofa ya rufe ido ɗaya yana karanta allon mai magani da ke tsallaken titi, ya sake rufe ɗayan. Yana karantawa sarai, amma ya kasa tantance ko gani yake yi ko haddar shekara ashirin ce. Kwana biyu abinci ba ya masa daɗi. Da ya rufe ido sai ya ga kansa a kujerar roba a gidan Auta, jikoki na tsalle suna kai masa ƙafa a wuya suna ihu, don su ma ciwon ya kama su.

Ranar Alhamis da hantsi mai kaji ya shigo, wai ya zo jin ko an rage masa tasa rigar. Baba ya ce ya tsaya a sake awo. Mai kaji ya fuskanci titi, Baba ya zagayo da tef. Arba'in da biyu. Da can da tuni ya ce an gama. Yau kuwa bai yarda da idonsa ba. Ya matso ya sake dubawa. Ya ja baya ya sake dubawa. Ya riƙe tef da hannu ɗaya ya ƙwala wa mai gyaran takalmi kira ya aro masa tabarau. Shi kuma mai takalmi sai da ya gama buga ƙusa uku tukuna.

Can Baba ya ji tef na rawa a hannunsa. Ya ɗaga kai ya ga jijiyoyin wuyan mai kaji sun miƙe kamar igiyar shanya, kunnuwa na karkarwa, gumi na bin ƙeya.

"Kai, lafiya?"

Mai kaji ya ƙara ƙanƙame jiki.

"Da kai nake, ciwo gare ka?"

Sai ji ya yi fuuuu, kamar an zare wa tayar keke bawul. Tef ya sulale ya faɗo ƙugu. Mai kaji ya yi taga-taga ya zube a kan tulin ƙyallaye yana haki, ido ya yi ja.

Baba ya tsaya da tef a hannu. Sannan ya ce, "Tashi. Tashi ka faɗa min sunayen kajin da kake sayarwa." Mai kaji ya tashi yana lissafo masu ƙwai da na nama da zakaru, Baba ya zagayo da tef yana cikin magana. Talatin da shida da rabi.

"Rabin inci," in ji Baba. "Shekara guda kana shan ƙwan matarka ɗanye, rabin inci ka samu. Me ya sa kake kumbura min kamar kwaɗo?"

"Baba, Masta ne ya ce jarumi ba ya sakin ƙirji a gaban mutane."

"Ku duka sha biyun?"

"Har shi. Shi ya koya mana. Ka ja iska ka kulle, ka tura kafaɗa baya, ka haɗiye ciki. Kai kuma Baba ga ka da sauri, ba ma wahala."

Baba ya zauna a kan kujerar keke, ya yi dariya har hawaye, rabinta dariya rabinta wani abu. Ya ce wa mai kaji in ya kuskura ya faɗa wa wani, zai rubuta talatin da shida da rabi da fenti a ƙofar shagonsa na kaji.

Asabar ta zo. Labari ya riga ya zaga, don mai gyaran takalmi ba ya iya riƙe ko tari. Almajiran Masta goma sha ɗaya suka yi cirko-cirko a ƙofa, hannuwa a harɗe. Matan layi suka fito, wannan wai ta zo karɓar ɗinki, waccan wai wucewa take yi, da kujerarta a hannu. Auta ta shiga ta tsaya a lungu. Masta ya cire riga ya miƙa wa wani ba tare da ya kalle shi ba, ya saura da singileti wanda da gani na ƙaninsa ne. Ya fuskanci jama'a, ya juya wuya hagu da dama har ya yi ƙara.

Baba ya zagayo da tef. Yana jin lokacin da ƙirjin ya cika ya tsaya cak.

"Arba'in da shida," ya faɗa da ƙarfi.

Almajirai suka kaɗa kai a hankali. Baba bai saki tef ba.

"Amma tunda an ce idona ya mutu, Auta zo ki karanta da kanki. A hankali, kada ki taka min yadi. Zagayo ta can. A'a, ta bayan keke."

Ta zagayo, ta duƙa. "Arba'in da shida ne, Baba."

"Madalla. To a rubuta. Ina allin nan? Yanzu fa na ajiye shi. Maƙwabci, ko kana da alli a wurinka?"

Mai takalmi ya ce bari ya duba, ya tafi kamar mai taka ƙwai.

"Kafin ya dawo," in ji Baba, yana magana da ƙeyar surukinsa, "ɗana, aljihun nan, da marfi kake so ko ba marfi?"

Masta ya kaɗa kai a hankali.

"Wanne ke nan? Ka san kunnen ma ya fara tsufa. Buɗe baki ka faɗa min."

Masta ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ɗaya me? Marfi ɗaya? Aljihu ɗaya? Auta, mijinki ya daina magana ne? Da can da yake zuwa gyara min fanka ai har sai na kore shi. Na tuna ranar da ya fara zuwa, fankar nan ta sama ce ta tsaya, ya hau kan tebur, teburin ya ce bai san zance ba..."

Masu tsaye a ƙofa su suke ganin fuskar. Ido ya fito, kumatu sun cika, leɓe na rawa, wata jijiya ta taso a goshi kamar tsutsa. Almajiran suka fara kallon ƙasa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya san abin da ake ciki, kowa kuma ƙirjinsa ya fara masa zafi don tausayi. Wata tsohuwa ta ce a kawo ruwa, yaron nan zai fashe. Auta ta leƙo ta gefe ta ga mijinta, ta dafe ƙirji.

"Baban yara, mene ne haka? Yi numfashi mana!"

A ba shi haƙƙinsa, ya yi ƙoƙari. Ya kai inda mai kaji bai kai ba. Amma mai takalmi bai dawo ba, labarin fanka kuma ko rabi ba a kai ba. Iskar ta fito ta baki da ƙara, wata kuma, a gafarce ni, ta nemi hanyar ƙasa, har ta fi ta saman amo. Kafaɗu suka zubo. Cikin da aka haɗiye ya dawo mazauninsa ya leƙo ta ƙasan singileti. Baba ya ja tef ya matse a hankali.

"Auta, karanta."

Ta duƙa. "Talatin da takwas." Ta miƙe tana kallon mijin daga sama har ƙasa. "Wannan kam shi na sani. Shi nake wa wanki."

Matan ƙofa suka kwashe da dariya, wata har da faɗowa daga kujera. Masta ya buɗe baki, ya nemi muryar randa bai same ta ba, sai tsohuwar muryar mai fanka ta fito, siririya. "Ai dama, dama motsa jiki yana da matakai..."

"Matakan gidanku," in ji Auta. "Ka sa na zo na ce wa ubana makaho a shagonsa. Ka sa na share ɗaki. Kwana uku ina kuka a ɓoye ina cewa Baba ya tsufa, ashe kai ne kake cika kamar balan-balan. Ƙwai nawa ka shanye min a gidan nan?" Ta juya ta durƙusa a gaban keke. "Baba, ka yafe min."

"Tashi, kada ki ɓata zaninki da alli," in ji shi, don allin yana ƙarƙashin ƙafarsa tun ɗazu. "Ɗakin kuma ki zuba gawayi."

A ranar ya sake auna sauran. Kowa ya tsaya sai Baba ya sa shi ya lissafo sunayen 'ya'yansa da na ƙannen matarsa da ƙarfi, tef na jikinsa. Ba wanda ya haura talatin da tara sai direba, shi ma da taimakon tumbi. Kwana uku Baba ya rage rigunan duka, suka zauna ɗas kamar a jikinsu aka halicce su. Maganar makulli da fasa bango ba a ƙara jin ta ba.

Sai dai riga in ta zauna ba ta ɓoye komai. Da suka jeru a gaban madubin sito suka ga kansu, sai suka ga mai kaji, da direba, da mai gyaran fanka, an sa musu shuɗi. Gobe kuma manaja zai zo dubawa.

Da tsakar rana, lokacin da layin ya yi tsit kowa na cin abinci, Baba ya ji an yi sallama ƙasa-ƙasa. Masta ne, shi kaɗai, ya shigo ƙofa sak ba karkacewa, riga a hannu, da wani abu naɗe a jarida a hammata.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa. Ta matse ne?"

"A'a, ta yi daidai. Daidai ɗin ne matsalar." Ya kwance jaridar. Soso ne, an yanko daga tsohuwar katifa. "Na ce ko za a ɗan sa a kafaɗa. Da nan wajen ƙirji. Kaɗan dai. In manaja ya gan mu haka, Baba, aikin nan ya tafi, ga yara."

Baba ya juya soson, ya matsa shi da yatsa. "Katifar wa ka yanka?"

"Ta ɗakin baƙi. Auta ba ta sani ba tukuna."

"Sauran fa?"

"Suna bayan sito. Kowa da nasa. Sun ce in fara shigowa."

Baba Tela ya zura zare a allura, ya jawo rigar ya juya cikinta. "Inci nawa kake son zama?"

Masta ya sunkuyar da kai. "Ko arba'in da biyu ma ya isa."

"Za ka samu. Amma ka ji shawarar tsoho. In kana bakin aiki ka ga hadari ya haɗo, ka bar ɓarayi da kantin ka nemi rumfa. In ruwa ya taɓa ka, sai mutum biyu sun kama sun matse ka kafin ka iya tafiya gida."